Bindigar Toka da Albarushi a Farautar Hunturu a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasashen Hausa, lokacin farauta yana kamawa ne bayan an kawar da amfanin gona. Idan gero da dawa suka shiga rumbu, ciyawa ta bushe, daji ya buɗe, sai masu sana'ar daji su fara shiri. Wannan lokaci ya dace da shigowar hunturu, wato daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska mai sanyi da hazo take busowa daga arewa maso gabas. Ya kamata tun farko a bambance mafarauta da maharba. Mafarauta su ne masu fita cikin taro da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari. Maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga daji, ko shi da yaronsa, ya yi kwanto ko ya yi sanɗa, wani lokaci da burtu a goshinsa. Makaminsa na asali shi ne kwari da baka, daga baya bindiga ta samu shiga. Wannan maƙala za ta dubi bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda ake kira bindigar toka ko baushe ko harba-ka-ruga, musamman hanyoyin ba ta wuta da kuma halin albarushinta a lokacin sanyi. Sau da yawa akan ɗauka cewa daɗewar wannan bindiga a hannun maharbanmu alama ce ta rashin ci gaba. Idan aka bi tarihin a hankali za a ga cewa yanayin ƙasa da hanyoyin fatauci da dokokin hukuma su ne suka zaɓa wa maharbi bindigarsa.

Shigowar bindiga

Bindiga ta daɗe da sanuwa a wannan yanki. A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya mallaki rundunar masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka bindiga ba ta zama makamin da ake yanke hukuncin yaƙi da shi ba. A Tafkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka karya mahayan Gobir. Akwai kuma ruwayar da ta shahara cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bindiga a fadarsa, sai wutar ta dawo kansa ta ƙone shi. Malamai suna lissafa wannan cikin karamomin Shehu, Allah ya ƙara masa yarda. Ruwayar tana kuma nuna mana yadda mutanen wancan zamani suka san bindiga: abu ce da takan ci amanar mai ita. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya ga harin da rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kai wa Gobirawa a 1826, ya lura cewa masu bindiga kaɗan ne, kuma kowannensu idan ya harba sai ya ruga ya fita daga inda kibiya za ta same shi kafin ya sake ɗuri. Ga dukkan alama sunan harba-ka-ruga ya samo tushe daga irin wannan hali.

Ƙasar Daura tana da matsayi na musamman a cikin wannan tarihi. Bayan da Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura wajen 1805, gidan sarautar Haɓe na Sarkin Gwari Abdu ya fita, daga bisani zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure, waɗanda suka shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ita kuwa Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, ta zama babbar matattarar makaman wuta a tsakiyar Sudan. Tanimu ya tara dubban bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, ya sa aka ƙera igwa a Zinder, aka kuma riƙa haɗa albarushi a gida. Hanyar ayarin da ta taso daga Agadas ta biyo Zinder zuwa Kano ta ratsa wannan yanki ne. Saboda haka mutanen Zango da Baure da Daura sun ga bindiga, sun ji ƙararta a yaƙi, kuma maƙeransu sun samu damar taɓa ta suna gyarawa tun kafin zuwan Turawa. Ta kudu kuma wasu bindigogin suna hawowa daga bakin teku ta ƙasar Nufe da Yarabawa. Yawancinsu ƙirar Birmingham ne a Ingila, ko da yake Turawa sun laƙaba musu sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinsu a gaɓar tekun ƙasar Gana ta yanzu.

Sai dai a ƙarni na 19 bindiga kayan fada ce. Sarki ne ke da ita, bayinsa ke riƙe ta, kuma albarushi yana taskar sarki. Talakan da ke harbin gada da barewa da zabin daji ya ci gaba da dogara ga bakansa da dafin kibiyarsa. Yaɗuwar bindiga zuwa hannun maharban ƙauye ta fi ƙarfi ne bayan yaƙe-yaƙe sun kwanta a ƙarni na 20.

Hanyoyin ba ta wuta

Duk bindigar da ake ɗurawa ta baki aikinta iri ɗaya ne. A zuba albarushi, a danna tsumma ko audugar rimi, a zuba harsashi, a sake dannawa da sandar ɗuri. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai wuta ga albarushin da ke can gindin bututu, ta wata 'yar huda da ke gefe. A nan ne bindigogi suka bambanta, kuma a nan ne rabon maharbi yake.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta lagwani, inda ake kunna igiya tana ci a hankali, idan an ja kunama sai ta sauka kan albarushi. Irin wannan ce ta fi yawa a hannun Turkawa a zamanin Idris Alauma. Ba ta da amfani ga maharbi, domin naman daji yana jin warin hayaƙi daga nesa, da dare kuma jan wutar yana tona asirin mai kwanto. Balle a ciyawar hunturu da ta bushe ƙayau, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙanƙara, wadda kowane Bahaushe na da zai gane aikinta nan take, domin ƙyastu ne aka ɗora wa bindiga. Kunama tana riƙe da ƙanƙara a bakinta. Idan ta faɗa sai ta kankari wani ƙarfe mai tauri, tartsatsi ya zuba cikin ɗan kasko mai ɗauke da albarushi mai laushi, wutar ta bi huda ta shiga ciki. Wannan ita ce bindigar da ta mamaye cinikin Afirka ta Yamma tsawon fiye da ƙarni biyu. Ƙanƙara mai kyau daga Faransa da Ingila take zuwa, kuma masu fasa ta a garin Brandon na Ingila sun ci gaba da aiko da ita Afirka har tsakiyar ƙarni na 20, bayan Turawa kansu sun daɗe da barin irin wannan bindiga. Ƙanƙara ɗaya takan yi harbi da dama kafin bakinta ya dakushe, kuma idan ya dakushe ana iya ɗan fasa shi a fito da sabon kaifi. Idan ta ƙare gaba ɗaya, farin dutse mai tauri yakan yi maganin wata rana, ko da yake tartsatsinsa bai kai ba. Babban alherin wannan bindiga shi ne mai ita ba ya buƙatar komai daga kanti face albarushi. Aibinta kuma a bayyane yake: ɗan kaskon nan a waje yake, ruwa da raɓa da iska duk suna iya kaiwa gare shi.

Hanya ta uku ta zo ne daga binciken wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Alexander Forsyth, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1807. Shi ma maharbin tsuntsayen ruwa ne, kuma abin da ya dame shi shi ne tsuntsu yakan ga walƙiyar kasko ya kauce kafin harsashi ya fita. Ya yi amfani da wani sinadari mai fashewa idan an doke shi. Zuwa shekarun 1820 an fara zuba wannan sinadari cikin 'yar hular jan ƙarfe da ake kifawa a kan wani ɗan nono mai huda, kunama ta doke ta, wuta ta shiga kai tsaye. Wajen 1840 sojojin Ingila suka koma wa wannan tsari. Bindiga mai hula ta fi saurin tashi, ba ta damu da iska ba, kuma ta fi jure danshi. Amma kowane harbi yana cin hula ɗaya, hular kuma sai an kawo ta daga Turai. Maharbin da ke wani ƙauye a gabashin Baure, idan hularsa ta ƙare, bindigarsa ta zama sanda.

Maƙeran gida ne suka warware wannan matsala a ƙarni na 20, bayan ashana ta wadata a kasuwanni. Sun riƙe tsarin kunama mai duka, amma aka maye gurbin hular Turai da garin kan ashana. Yawancin bindigogin toka da ake gani yau irin wannan ne, da bututun da aka samo daga ƙarfen famfo ko sandar sitiyarin mota. A ganina wannan ita ce hikima mafi girma da maƙeranmu suka nuna a wannan fanni, ko da yake tana da farashinta. Kan ashana yana shan danshi fiye da hular Turai, yana kuma iya tashi da ɗan bugu kaɗan, shi ya sa bindigar da aka ɗana ta faɗi ƙasa takan yi ɓarna. Shi kuma bututun famfo ba a yi shi don ya jure matsin albarushi ba, kuma yawancin yatsun da maharba suka rasa ta nan suka tafi.

Albarushi da yanayin hunturu

Kalmar albarushi daga Larabci muka aro ta, kamar yadda muka aro bindiga da harsashi. Abubuwa uku ne a cikinsa: wani farin gishiri da ake tacewa daga ƙasar da taki ko fitsarin dabbobi ya daɗe a cikinta, da gawayi, da farar wuta. A ma'aunin masana'antun Turai, gishirin yana ɗaukar kimanin kashi 75 cikin 100, gawayi 15, farar wuta 10. Gishiri da gawayi ana samun su a gida, farar wuta kuwa sai fatake sun kawo. Ingancin albarushin gida ya rataya ne a kan tsabtar gishirin. Idan ba a tace shi da kyau ba yakan zo gauraye da gishirin ci da wasu gishirai masu jawo ruwa daga iska, kamar yadda kowace uwargida ta san gishirin miya yana jiƙewa da damina. Albarushin da ya sha danshi yakan dunƙule. Ko an shanya shi ya bushe ba ya komawa daidai, domin gishirin ya riga ya narke ya sake daskarewa dabam da gawayi.

A nan ne bambancin sanyinmu da na ƙasashen Turai da Amurka yake fitowa. A can lokacin sanyi lokaci ne na dusar ƙanƙara da yayyafi. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai lokacin farautar barewa da aka keɓe wa bindiga mai ƙanƙara kaɗai, wanda ke farawa bayan Kirsimeti, kuma babban abin da ke damun maharbansu shi ne jiƙewar kasko, da kuma gumin da ƙarfe mai sanyi yake yi idan an shiga da shi ɗaki mai ɗumi. Masana'antunsu kuma sun ƙirƙiro bindigogin ɗuri masu rufaffen wurin wuta, da madadin albarushi irin su Pyrodex, wanda ya fi wuyar kamawa har ba ya aiki sosai a kaskon ƙanƙara. A Daura lamarin akasin haka ne. Sanyin hunturu busasshe ne. Da asuba a watan Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa daraja 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, amma danshin iska da rana yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a watan Agusta yakan haura kashi 70. Irin wannan sanyi ba ya rage wa albarushi ƙarfin da za a lura da shi. Ke nan lokacin da al'ada ta ware wa farauta shi ne daidai lokacin da albarushi ya fi aminci a duk shekara, kuma babban aibin bindiga mai ƙanƙara, wato tsoron ruwa, ba ya tasowa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa maharbin wannan yanki bai matsu ya sauya ta ba kamar yadda takwaransa na kurmi ya matsu.

Wannan ba ya nufin hunturu ba shi da nasa sharrin. Na farko ita ce iska. Da hantsi, idan ta taso, tana iya kwashe albarushin kasko da zarar murfinsa ya buɗe, ko ta karkatar da tartsatsi. Na biyu shi ne ƙura, wadda ke shiga 'yar huda ta toshe ta, ta kuma haɗu da man da aka shafa wa kunama ta zama danƙo. Man gyaɗa da man shanu, waɗanda su ne a hannun mutanen karkara, suna yin kauri da sanyin asuba, sai kunama ta faɗa da nauyin jiki, ƙanƙara ta kasa fitar da wuta. Na uku shi ne tokar da albarushi ke bari a cikin bututu. Fiye da rabin albarushi ba ya zama iska idan ya ƙone, hayaƙi da toka yake zama. Idan akwai danshi tokar takan yi laushi, amma a busasshiyar iska sai ta ƙanƙame ta yi tauri, ɗuri na biyu da na uku ya yi wuya. Haɗarin a nan shi ne harsashi ya maƙale bai sauka kan albarushi ba, domin ratar da ke tsakaninsu tana iya fasa bututu. Itacen gindin bindiga ma yakan bushe ya tsage, shi ya sa ake yawan ganin tsofaffin bindigogi an naɗe su da fata ko waya. Sannan ga yatsun mutum da sanyi ya ƙage su, leɓe ya tsage, yana ƙoƙarin zuba ɗan garin ashana a wuri kamar ƙwayar gero.

Amma abin da ya fi kashe wa maharbi kasuwa a hunturu ba laifin hunturu ba ne, ragowar damina ce. Albarushin da ya kwana uku ko huɗu na watannin ruwa a cikin ɗakin ƙasa, a gora ko ƙaho da bakinsa bai rufu da kyau ba, shi ne ake fitowa da shi farkon kaka. A ido yana nan lafiya. Idan aka harba sai ya yi jinkirin tashi: kunama ta faɗa, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan bindiga ta amsa. Mai gaggawa da ya sauke ta daga kafaɗa ko ya leƙa bakinta a cikin wannan shirun shi ne ake ɗaukowa a kan jaki. Haka kuma bututun da aka ajiye ba a wanke tokarsa ba, ita kanta tokar tana jawo ruwa, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki tsawon damina ba tare da an gani ba. Raɓa kuwa a farkon kaka take da ƙarfi, musamman a fadamu da bakin tafkuna inda ake kwanton agwagin ruwa. Idan hunturu ya kankama sai ta ja baya.

Dokokin hukuma

A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan nahiyar Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara marar zare a ciki, da albarushin ciniki na gama-gari. An ce manufar ita ce daƙile cinikin bayi, amma sakamakon ya bayyana a fagen fama: Faransawa suka kama Zinder a 1899, Ingilishi suka kama Kano da Sakkwato a 1903, su da bindigogi masu aman wuta, mutanen ƙasa da na ɗuri. Bayan Turawa sun maido da gidan Haɓe kan sarautar Daura ta hannun Malam Musa, tsarin bai sauya ba. Abin da talaka zai iya mallaka da lasisi cikin sauƙi shi ne bindigar ɗuri. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ci gaba da ware waɗannan bindigogi a rukuni na dabam, ta ambaci mai ƙanƙara da mai hula kowacce da sunanta. Wato bindigar da doka ta sauƙaƙa wa maharbi ita ce irin wadda Turai take amfani da ita a farkon ƙarni na 19.

Bindigar fada da batun adanawa

Akwai wani rukuni da lamarin yanayi ya fi shafa fiye da maharba, su ne 'yan bindigar sarki. Maharbi shi ke zaɓen ranarsa. Su kuwa hawan Sallah ƙarama da babba da Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita, duk da lissafin wata suke tafiya, suna zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. Dole bindiga ta tashi a gaban sarki ko da an kwana ana ruwa. Saboda haka sanin yadda ake adana albarushi da gwada shi ya fi taruwa a gidajen da suka gaji wannan aiki. Abin takaici ne cewa sunan 'yan bindiga, wanda a da yake nufin waɗannan bayin sarki masu ado, yau idan an faɗe shi a Jihar Katsina zukata sai su tafi ga masu satar mutane da shanu. Dajin farauta kuma ya ƙanƙance, gonaki sun cinye shi a Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, manyan namun daji sun yi ƙaura ko sun ƙare, matasa ba su koyon sana'ar.

Bindigogi masu ƙanƙara na asali sun yi ƙaranci, domin da yawansu maƙera sun juya su zuwa masu ashana, wasu kuma an narke su. Waɗanda suka rage a gidajen sarauta da na maharba sun cancanci a tattara su tare da ƙahon albarushi da sandar ɗuri da jakar ƙanƙara, a kuma naɗi bayanin masu su da sunayen da suke kiran kowane sashe. Hatimin da ke jikin bututu yakan nuna inda aka ƙera shi, wanda zai taimaka a gane ko ta hamada bindigar ta zo ko ta bakin teku. Ma'aikacin da aka tura karɓar irin wannan kaya ya kamata ya fara zura sanda cikin bututu ya auna zurfinsa da tsawon waje, bakin yana kallon inda babu kowa, domin al'adar maharba ce su rataye bindiga a ɗure, kuma albarushin da ya zauna a busasshen ɗaki yana iya tashi bayan shekara 50.